Inna ta faɗi sau biyu da hantsi: sukari ne ya kayar da ita, ko maganin sukarin?

Wani ɗan'uwa daga Tawa ya aiko da wannan tambaya: "Mahaifiyata shekararta 68, shekara shida ke nan tana da ciwon sukari. Tana shan Glucophage 850 safe da dare, da Daonil. Bara gwiwa ta matsa mata, wata maƙwabciya ta sayo mata wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi wajen masu tallar magani. Ta ji daɗinsu ƙwarai, cin abinci ya buɗe, har ta yi kumatu. Amma awon sukari ya yi ta hawa, likita ya ƙara mata Daonil daga ɗaya zuwa uku a yini, ya ce in bai sauka ba sai allura. Sati uku da suka wuce ƙwayoyin gwiwar suka ƙare, ba a sake saye ba. Tun daga nan sau biyu tana faɗuwa da hantsi, gumi sharkaf, jiki na rawa, magana ba kan gado. Wasu a gida sun ce iska ce, wasu sun ce maganin asibiti ne ya yi mata yawa, a koma na gargajiya. A bayan takardar ƙwayar an rubuta dexamethasone 0,5. Mu daina maganin ne? Kuma da gaske ne wanda aka fara wa allurar insulin ba ya daɗewa?"

Malam, Allah ya ba Inna lafiya. Ni mai harhaɗa magunguna ne a nan Yamai, kuma kafin in yi dogon bayani ga abin da ba ya jira: ka kai ta asibiti yau, kar ka tsaya sai ranar da aka ba ta ta komawa. Ka kwashe duk abin da take haɗiya ka zuba a leda guda, na likita da na kasuwa da na saƙe-saƙi, har da busasshiyar takardar nan mai rubutun dexamethasone, ka ajiye gaban likita. Daonil kuwa kar ta sake sha sai ya gan ta. Ban ce a watsar da magani ba, na ce wannan ɗin a dakata da shi na awannin da ke tsakaninku da asibiti.

Abin da ka siffanta, gumi da makyarkyata da rikicewar magana kafin abincin rana, hoton faɗuwar sukari ne. Jinin mutum in sukarinsa ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, jiki yakan fara ƙararrawa: zuciya ta buga da sauri, hannu ya yi rawa, gumi ya keto, yunwa ta taso. In ya ci gaba da sauka sai ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta, don ita ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a lokacin shi take ci. Nan ne za ka ga tsohuwa mai kamun kai tana surutai, ko tana faɗa ba dalili, ko ta kafe ido, mutanen gida su ce an taɓa ta. Mai iska dai ba ya dawowa hayyacinsa don an ba shi ƙwayar sukari uku; mai faɗuwar sukari kuwa cikin minti goma sha biyar sai ka ga kamar ba shi ba.

To me ya sa yanzu, bayan shekara shida lafiya lau? Sai mun bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don uku ne, kuma kowacce da inda take kamawa a jiki.

Glucophage sunan kasuwa ne, sunan maganin metformin. Asalinsa daga wani tsiro ne na Turai mai suna Galega, kuma wani likita a Faransa, Jean Sterne, shi ya fara gwada shi ga masu ciwon sukari a 1957. Babban aikinsa a hanta yake. Hanta ita ce rumbun sukarin jiki: ta tara lokacin da aka ci, ta riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan cikin dare da tsakanin abinci. Ga mai ciwon sukari irin na manya, bakin rumbun nan ba ya rufuwa yadda ya kamata, hanta tana ta zubo sukari ko da jini ya riga ya cika. Metformin yana rage wannan zubowar, yana kuma sa tsoka ta fi jin kiran insulin ɗin da jiki ya riga ya yi, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini. Ba ya tilasta wa jiki ƙirar sabon insulin, shi ya sa in shi kaɗai ake sha da wuya ya kayar da mutum. Laifinsa da aka sani na ciki ne, tashin zuciya da zawo a makonnin farko, wanda ke raguwa in ana sha a tsakiyar abinci. In an daɗe shekaru ana sha yana iya rage bitamin B12. Sharaɗinsa babba guda: ƙoda ce ke fitar da shi, don haka in ƙoda ta yi rauni sosai, ko mutum ya kamu da amai da gudawa ruwan jikinsa ya ƙare, a dakata da shi.

Daonil, wato glibenclamide, halinsa daban. Akwai wata tsoka doguwa da ke kwance bayan tumbi, likitoci suna ce mata pankiriyas, ita ke yin insulin. Ga mai lafiya, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna ɗanɗana jini: sukari ya hau su saki insulin, ya sauka su kame. Glibenclamide yana zuwa ya toshe wata ƴar ƙofa ta sinadarin potasiyom a jikinsu, wadda toshewarta ita ce alamar "saki insulin". Da zarar ya toshe ta, za su yi ta saki ko Inna ta ci tuwo ko ta kwana da yunwa. Bulala ce a bayan jaki: ba ta tambayar ko akwai kaya a kansa. Tarihin dangin maganin ma da faɗuwar sukari ya fara. A 1942 a birnin Mompeliye na Faransa, likita Marcel Janbon yana gwada wani magani ga masu zazzaɓin taifod, sai marasa lafiya suka riƙa suma, wasu suka rasu, aka bincika aka gano sukarinsu ne ya faɗi. Daga wannan haɗarin aka samo maganin ciwon sukari.

Cikin danginsa kuma glibenclamide ya fi kowa naci. Yakan kai yini guda cur yana aiki, abin da hanta ta narka daga gare shi ma bai mutu ba, yana ci gaba da aiki sai ƙoda ta fitar da shi. Ƙodar mai shekara 68 ba ta ɗan talatin ba ce, balle in akwai hawan jini, balle in an sha diclofenac ko ibuprofen saboda gwiwa, waɗanda su ma suna gajiyar da ƙoda. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta fifita ɗan'uwansa gliclazide, wanda za ka gani a kanti da sunan Diamicron. Abin da ya sa glibenclamide ya cika gari arha ce, kuma arha ba abin rainawa ba ce ga mai sayen magani kowane wata har ƙarshen rayuwa. Amma ƙwaya uku a yini, miligiram 15 ke nan, ga dattijuwa, ni dai ina ganin takardar sai na tambayi yadda take cin abinci da yaushe aka auna ƙodarta.

Yanzu ga wadda ta haɗa rigimar, ƴar ƙaramar nan ta gwiwa. Dexamethasone ba maganin ciwo ba ne irin paracetamol. Kwaikwayo ne na wani sinadarin saƙo da jiki ke yi da kansa, kotizol, wanda ke fitowa daga wasu ƴan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula. Kotizol shi ke riƙe mutum lokacin wuya: ya riƙe ƙarfin jini kar ya faɗi, ya sa hanta ta ƙera sukari in an yi yunwa, ya kwantar da kumburi. Kar ƙanƙantar ƙwayar ta ruɗe ka. Miligiram 0,75 na dexamethasone daidai yake da miligiram 20 na hydrocortisone (kotizol ne a siffar magani), wato kusan abin da jikin babban mutum ke yi a yini guda, kuma ƙwaya ɗaya takan wuce yini guda da rabi tana aiki. Wanda ke shan biyu ko uku kullum ya zarce abin da Allah ya tsara wa jikinsa.

Daɗin da Inna ta ji gaskiya ne, kumburin gwiwa yakan kwanta. Amma kumatun nan ba ƙibar lafiya ba ce. Ka dubi hannuwanta da ƙafafunta, ina kyautata zaton sun sirance, kitsen ya koma fuska da ƙeya da ciki. Fata takan yi laushi ta riƙa kurjewa da ɗan abu kaɗan, ƙashi ya yi rauni, jini ya hau, wani lokaci yanar ido ta zo da wuri. Shi ne dai maganin da ƴan mata ke sha don su yi jiki kafin biki, kuma danginsa ne ke cikin da yawa daga mayukan sauya launin fata. A nan Yamai sau da yawa mace takan zo kantinmu da takardar maganin sukari, in na dubi fuskarta sai in tambaye ta me take sha ko take shafawa ban da wannan, a yi shiru tukuna, sannan amsa ta fito. Ga mai ciwon sukari kuwa dexamethasone kishiyar insulin ce ƙiri-ƙiri: tana tura hanta ta zubo sukari, tana toshe kunnen tsoka, tana kuma buɗe ci.

Ka ga yadda abin ya kasance. Mutum biyu ne ke jan igiya, dexamethasone tana ja sama, Daonil yana ja ƙasa. Likita yana ganin awo na hawa, bai san akwai mai ja a ɗaya bakin ba tunda ba a gaya masa ba, sai ya ƙara wa nasa ƙarfi, kuma a bisa abin da ya sani daidai ya yi. Rana ɗaya mai jan saman ya saki igiya. Daonil uku da aka auna wa jiki mai dexamethasone ya sami jiki marar ita, ya kwashi Inna ya yi baya da ita.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali. Sinadaran saƙo suna aiki ne da sauraron juna. Akwai wata ƴar halitta a gindin ƙwaƙwalwa da ke lura da yawan kotizol a jini. In ya yi ƙasa ta aika wa ƴan hulunan ƙoda su ƙara, in ya wadata ta yi shiru. Dexamethasone in ta cika jini sai aiken ya tsaya, ƴan hulunan su kwanta barci, in an daɗe har su motse. Shan da ya wuce sati uku ya isa ya fara jawo haka, Inna kuwa watanni ta yi. An yanke na waje farat ɗaya, na cikin bai farka ba, kuma farkawarsa takan ɗauki makonni ko watanni. Mai wannan hali za ka gan shi da kasala mai tsanani, jiri in ya miƙe, rashin ci, tashin zuciya, ciwon gaɓoɓi. Sannan kotizol yana cikin masu ceton mutum in sukari ya faɗi, ga shi babu. In zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ta same ta a haka, jininta zai iya faɗuwa ƙasa warwas, abin ya zama na rai da mutuwa. Don haka ba a yanke irin wannan magani, saukowa ake yi daki-daki. Likita zai iya auna kotizol ɗinta da sassafe, zai iya ɗora ta kan hydrocortisone ɗan daidai ya riƙa ragewa. Kar ku ce bari mu koma kasuwa mu sayo mata ta ci gaba. Wannan awo ne da ke son mai gani da ido.

Kafin ku isa, da kuma nan gaba, kowa a gidan ya san wannan, har jikokin da ke wuni da ita. In alamun suka taso tana iya haɗiya, a ba ta ƙwayar sukari uku, ko cokalin miya ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti goma sha biyar, in akwai na'urar awo a auna, in ba ta dawo ba a sake. Ta dawo, a bi da abinci mai riƙe ciki, fura ko tuwo ko burodi. In ta suma, kar a ɗura mata komai a baki, zai iya wucewa huhu. A kwantar da ita ta gefe, a nemi mota, a asibiti za a sa mata ruwan sukari ta jijiya. Kuma ko ta farfaɗo a gida ta ce ta warke, faɗuwar glibenclamide tana da komowa, tunda maganin na nan cikin jini. Sukarin da aka ba ta zai ƙare shi bai ƙare ba. Irin wannan akan kwantar da shi a sa ido yini ɗaya ko biyu.

Wasu magunguna na yau da kullum suna ƙara wa Daonil kaifi, ya kamata ka riƙe sunansu: cotrimoxazole da aka fi sani da Bactrim, ciprofloxacine, miconazole na farin baki, da kuma kinin, wanda shi kansa yana sa a saki insulin. Da damina, lokacin da zazzaɓi ke hana mutum ci ga kinin a jijiya, nan ake yawan ganin abin. Azumi ma haka: mai shan wannan magani ya ga likita tun cikin Sha'aban a sake masa tsari, kuma in awo ya nuna ƙasa da 0,70 ko sama da giram 3, a sha ruwa.

Maganar komawa na gargajiya, masu faɗin haka sun ga rabin gaskiya, magani ya yi yawa. Amma a zubar da duka a kama jiƙon maɗaci, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Mutanenmu suna da ra'ayin ɗaci ke kashe zaƙi, alhali harshe ne ke jin ɗaci, jini bai san shi ba. Ba na raina itace, na riga na gaya maka metformin daga tsiro ya samo asali. Bambancin shi ne ƙwayar 850 ta yau 850 ce gobe, jiƙo kuwa na yau da na gobe ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya auna abin da yake yi wa tsohuwar ƙoda. Zogale a kwaɗo ko a dambu abinci ne mai kyau, ta ci abinta. Abin da ya fi jiƙo amfani shi ne a dubi sukarin da ake zubawa a fura da kunu, da shayin da ake kai wa zagaye uku.

Saura allura. Insulin ba magani ne baƙo ba, shi ne ainihin abin da jikinta ke yi tun tana ciki. An ciro shi a Toronto ta Kanada a 1921, a hannun Banting da Best, kuma a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, wanda ciwon ya kai bakin kabari, ya tashi ya ƙara shekara goma sha uku a duniya. Dalilin da ya sa allura ce ba ƙwaya ba, furotin ne, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. Abin da ya ɓata masa suna a wurinmu jinkiri ne. Mutum zai yi shekara goma yana gudun allura, sai ƙafa ta ruɓe, ƙoda ta tsaya, ido ya tafi, sannan a kai shi a fara masa, bayan wata biyu ya rasu, a zauren makoki a ce allurar ce. Ga tsohon da ƙodarsa ta raunana, insulin da aka auna da kyau sau da yawa ya fi glibenclamide aminci, don ana iya ƙara shi ko rage shi da ɗigo biyu, ƙwaya kuwa in ta shiga ta shiga.

Shi ma yana kayarwa in an yi allura ba a ci ba, kuma iri-iri ne. Actrapid garau yake kamar ruwa, yana fara aiki bayan rabin awa, don haka ana yin sa kafin abinci. Insulatard fari ne kamar tsinkakken nono, a hankali yake shiga, ana mirgina kwalbar a tafin hannu kafin a zuƙa. Mixtard 30 gaurayen biyun ne. Lantus yakan riƙe kusan awa 24 ba tare da wani tudu ba, sai dai tsada. A tabbata lambar da ke jikin sirinji ta yi daidai da ta kwalba, 100 da 100. Na san abin da za ka ce, zafin Tawa a watan Afirilu da Mayu, ga wuta tana zuwa tana tafiya. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 da 8, ban da gidan ƙanƙara, don in ya daskare ya lalace. Wadda ake amfani da ita takan yi sati huɗu a waje. Wani bincike da ƙungiyar likitocin MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin wani sansanin ƴan gudun hijira a arewacin Kenya, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa sati huɗu a zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Namu yakan wuce haka, shi ya sa dabarar tukunyar ƙasa ke da amfani: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, a rufe da ɗanyen ƙyalle a inuwa inda iska ke bi, kwalbar a cikin leda don kar ruwa ya taɓa bakinta.

Na faɗi duk wannan don tsoron ya fita, amma mai yiwuwa ne Inna ba ta ma kai ga allura ba. Hawan da ya sa aka ambace ta, da dexamethasone a jiki aka auna shi. Yanzu lissafi sabo za a yi. Ka roƙi a auna mata kireyatinin don a san ƙarfin ƙoda, shi zai nuna ko metformin 850 sau biyu ya tsaya ko a rage. A auna HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, amma a karanta shi da sanin cewa mafi yawan wannan lokacin tana kan ƙwayar kasuwa. Ga mai shekarunta ba a matsa wa sai an kai 7 cikin ɗari ko ta halin ƙaƙa. 7,5 ko ma 8 ba tare da faɗuwa ba ya fi 6,5 da karayar ƙugu a bakin rijiya. A babban asibitin jihar Tawa za a iya fara wannan duka, in ana bukatar likitan da ya ƙware kan sinadaran jiki su za su turo ku Yamai da takarda.

Gwiwar kuma kar a manta da ita, don ita ta kai Inna ga tiren mai talla, kuma in ba a yi mata wani abu ba za ta sake kai ta. Ka sa ta cikin abin da za a gaya wa likita tun a zaman farko. Maƙwabciyar ma, cikin mutunci, ka tambaye ta ko ita ma tana sha, da tun yaushe. In tana sha, kar ta yanke da kanta don ta ji labarin Inna, ku tafi da ita.